Copepoda: Ma'ana da asalin sunan ƙananan halittun da ke ciyar da kifayen teku

Copepoda, wanda ake furtawa Kofefoda, suna ne da masana kimiyya suka laƙaba wa wani rukuni na ƙananan halittun ruwa, dangin ƙaguwa da jatan lande. Tsawon akasarinsu bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, kuma an tantance nau'o'insu fiye da 10,000 a tekuna da tafkuna da kududdufai.

Sunan ya samo asali ne daga kalmomin Girkanci guda biyu: "kope", wato filafilin tuƙa kwalekwale, da "pous", wato ƙafa. Idan aka haɗa su, ma'anar ita ce "masu ƙafafun filafili". Masanin dabbobi ɗan ƙasar Faransa, Henri Milne-Edwards, shi ne ya raɗa musu wannan suna a shekarar 1840, bisa la'akari da yadda suke kaɗa ƙafafunsu masu faɗi a lokaci guda, su yi tsalle a cikin ruwa tamkar matuƙa sun haɗa ƙarfi.

Ƙanƙantarsu ba ta rage musu daraja ba. Su ne ke cin ƙananan tsirran da ke yawo a saman teku, su kuma kifaye su ci su. A arewacin tekun Atlantika, nau'in da ake kira Calanus finmarchicus na cikin manyan abincin 'ya'yan kifin da masunta ke dogaro da shi. Duk abin da ya taɓa su, ya taɓa kasuwar kifi.

Akwai wani reshe nasu mai zama a ruwan daɗi da ake kira Cyclops, sunan ƙaton nan mai ido ɗaya na tatsuniyoyin Girkawa, domin shi ma ido ɗaya gare shi a tsakiyar kai. Wajen shekarar 1870 masani ɗan Rasha, Aleksei Fedchenko, ya gano cewa a cikin jikin wannan halitta tsutsar kurkunu ke girma kafin mutum ya sha ta a ruwan kududdufi.

Wannan sani ne ya zama makamin yaƙi da cutar: a tace ruwa da ƙyalle, halittar ta maƙale. A 1986 an ƙiyasta masu kurkunu miliyan 3.5 a duniya. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Najeriya da Nijar sun rabu da ita.