Tabar wiwi da doka: daga Janiba zuwa Malta, da abin da ya shafe mu a Arewa

Akwai wata magana da ke yawo a fadar matasa da cikin wayoyi, wai Turawa sun halatta wiwi, to don me jandarma ke kama mutane a nan? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma rabinta aka ɗauko. Bari mu bi tarihin tun daga tushe.

Haramcin wiwi tsakanin ƙasashe bai daɗe ba kamar yadda ake zato. A 1925 aka sanya ta cikin yarjejeniyar Janiba kan miyagun ƙwayoyi, kuma ƙasar Masar ce ta fi matsawa a yi hakan, saboda ɓarnar da take gani a gida. A 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta haɗa tsofaffin yarjejeniyoyi wuri guda, ta jera wiwi cikin rukuni mafi tsanani. Daga nan ne dokokin yawancin ƙasashenmu suka samo asali. A yammacin Afirka kuwa, masana tarihi da dama na cewa shan ta ya yaɗu ne bayan yaƙin duniya na biyu, ta hannun sojojin da suka dawo daga Indiya da Bama da kuma ma'aikatan jiragen ruwa.

Maƙwabciyarmu Nijeriya ta gwada hukunci mai zafi. A 1966 gwamnatin soja ta fitar da doka mai cewa wanda ya noma wiwi, ko kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba, mai sha kuma aƙalla shekara 10 a kaso. A 1975 aka sassauta, sannan a 1989 aka kafa hukumar NDLEA. To me ya biyo baya? Binciken da aka yi a 2018 da taimakon ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya ya nuna ƴan Nijeriya wajen miliyan 10.6 sun sha wiwi a shekarar da ta gabata. Ashe tsoron kaso kaɗai bai raba mutane da ita ba.

A nan Nijar, dokar da ke aiki ita ce mai lamba 99-42 ta 23 ga Satumba 1999. Noma, sayarwa, safara da sha, duk laifi ne a ƙarƙashinta. Kuma ƙasarmu ta zama hanya. A watan Maris 2021 hukumar OCRTIS ta kama tan 17 na wiwi a wani sito a Yamai, kayan da suka taso daga Lebanon, suka sauka tashar ruwa ta Lome, ana nufin kai su Libiya. Wannan ba aikin yaron da ke ɓoye ƙullin dala ashirin a aljihu ba ne, harkar manya ce masu manyan motoci.

Yanzu mu leƙa inda maganar ta fito. Malta tsibiri ce a tekun Bahar Rum, tsakanin Italiya da Libiya, mutanenta sun ɗan haura rabin miliyan. A Disamba 2021 ta zama ƙasa ta farko a Tarayyar Turai da ta yarda baligi ya noma wiwi ya sha. Amma ku ji shingen da aka kewaye abin da shi. Sai wanda ya kai shekara 18. Ba zai fita da fiye da giram 7 ba. Gida guda tushe 4 kawai, kuma a ɓoye daga idon jama'a. Sha a bainar jama'a tara ne, sha a gaban yaro tarar ta fi nauyi. Babu kanti, babu talla. Mai son saye sai ya shiga ƙungiya mai rajista wadda ba ta neman riba, mambobinta ba su wuce 500 ba, kuma ta yi nesa da makaranta da aƙalla mita 250. Baƙo ɗan yawon buɗe ido ba ya cikin lissafi. An kafa hukuma ta musamman da ke bin diddigin kowace ƙungiya. Lukzambur ta biyo baya a Yuli 2023, ita ma tushe 4 a gida, sha a cikin ɗaki, sayarwa kuwa haramun. Jamus ta bi sahu a Afrilu 2024.

Hujjar gwamnatin Malta ita ce a ƙwace kasuwa daga hannun dillalai, a daina ɓata wa matashi suna a kotu kan ɗan ƙulli. Ba ta ce wiwi ba ta da illa ba. Ƴan adawa, limaman coci da ƙungiyoyin da ke jinyar masu shaye-shaye sun yi ta suka, suna tsoron yara za su ɗauki abin wasa. Har gobe ana wannan gardama can.

Mu fa, ina muka tsaya? Tsarin Malta ya jingina ne kan rajista, ma'aikatan bincike da asibitin da ke kusa. A karkararmu, iyalin da ɗansu ya zautu sai sun sayar da akuya ko dame kafin su kai shi likita a Doso ko Yamai. Kuma sau da yawa wiwi ba ita kaɗai take zuwa ba, tana tafe da tiramol da sauran ƙwayoyi. Likitoci sun tabbatar cewa wanda ya fara sha tun yana ƙarami, ya kuma yawaita, ya fi shiga haɗarin taɓin hankali.

Saboda haka matashin da ya dawo da labarin Turai ya sani dokar Malta ba ta tsallako teku ba, a Nijar kama shi za a yi. Iyaye kuma, tarihin Nijeriya ya nuna duka da kora ba su isa ba. Yaron da ya fara, a jawo shi tun da wuri, a kai shi likita kafin a kai ga ɗaure shi da mari. Hakimai, malamai da ƴan majalisar gundumarmu su sa batun a taronsu, musamman yanzu da ƴan cin rani ke kai da komo. Muna jiran ra'ayoyinku. Allah Ya shirya mana zuriya.