Mace a Rigar Jarumi: Tarihin Wata Al'adar Wasan Kwaikwayo a Ingila

A ƙasar Ingila akwai wani wasan dandamali da ake yi duk shekara lokacin Kirsimeti, sunansa fantomaim. Waƙa ce da rawa da barkwanci, labarinsa kuma daga tatsuniyoyi ake ɗaukowa, har da na Aladdin da Ali Baba da muka sani cikin Dare Dubu da Ɗaya. Abin mamakin shi ne, bisa al'ada mace ce ke fitowa a matsayin saurayi jarumin wasan, ita kuwa tsohuwa uwarsa ƙaton namiji ne ke ɗaura mata zane.

Asalin abin yana da nisa. A zamanin Shakespeare mata ba sa hawa dandamali, samari ke yin rawarsu. Sai bayan da Sarki Charles na Biyu ya hau gadon mulki a 1660 aka buɗe musu ƙofa. Nan da nan masu gidajen wasa suka lura cewa mace cikin wandon maza tana jawo 'yan kallo. A 1740 Peg Woffington ta burge Landan da rawar Sir Harry Wildair, a 1820 kuma Madam Vestris ta yi fice a matsayin Don Giovanni.

Zamanin Sarauniya Victoria ne al'adar ta kafu a fantomaim. A lokacin suturar mata har ƙasa take, don haka dandamali ya zama wurin da ake ganin abin da titi ya hana. Ba a ɓoye ba, neman kuɗi ne. Amma ta nan mata irin su Vesta Tilley, daga baya Dorothy Ward, suka samu babban matsayi da suna.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu maza taurari suka fara karɓe gurbin. Norman Wisdom ya fito Aladdin a gidan wasa na Palladium a 1956, Cliff Richard a 1964, kafin Cilla Black ta dawo da shi hannun mata a 1970. Yau yawancin gidajen wasa namiji suke sa wa.

'Yan'uwa marubuta, a nan akwai abin lura. Kasuwa ce ta haifi wannan al'ada, kasuwa kuma ta raunana ta. Duk wanda ke rubuta wasan kwaikwayo ya tambayi kansa: cikin ƙa'idojin da ya gada, wanne labari ke bukata, wanne kuma aljihun mai gidan wasa ya kawo?