Hanyoyin Samun Takardar Shaidar Malanta a Malanville, Jamhuriyar Benin

Gabatarwa

Malanville gari ne na kasuwanci a jihar Alibori da ke arewacin Jamhuriyar Benin. Yana bakin Kogin Kwara, yana fuskantar garin Gaya na Jamhuriyar Nijar, kuma Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa ne ke zaune a cikinsa. Wannan takarda za ta duba yadda manufofin gwamnati suka riƙa sauya hanyar da mutum ke bi ya zama malamin firamare a wannan yanki.

Rufe Babbar Ƙofa

Tun asali ga babbar hanyar da ake bi. Ɗalibi ya shiga makarantar horon malamai, ya ci jarrabawa, gwamnati ta ɗauke shi aiki. A ƙarshen shekarun 1980, zamanin mulkin Mathieu Kérékou, baitulmalin ƙasar ya bushe, har ma'aikata suka yi watanni ba albashi. Gwamnati ta dakatar da ɗaukar ma'aikata, aka rufe makarantun horon malamai, sannan a 1989 ta shiga shirin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya.

Yara kuwa ba su daina zuwa makaranta ba. Don haka ƙungiyoyin iyayen yara suka shiga ɗaukar matasan da suka ɗan yi karatun sakandare, suna biyansu da kuɗin karo-karo. Su ake kira malaman al'umma. Yankuna masu nisa da Kwatano, irin su Malanville, sun dogara da su ƙwarai, domin ƙwararren malami ba ya son a tura shi ƙauyen da ke ƙarshen ƙasa. Waɗannan malamai suna riƙe da aji, amma ba su da takardar shaida, ba su da fansho, albashinsu kuma ya danganta da abin da iyaye suka iya tarawa.

Komawar Gwamnati

A watan Oktoban 2006 Shugaba Boni Yayi ya soke kuɗin makarantar firamare. Ɗalibai suka ƙaru, kuɗin da iyaye ke tarawa kuma ya ragu. A wannan zamani aka sake buɗe makarantun horon malamai, ɗaya daga cikinsu a Kandi, babban birnin Alibori. To amma ba za a iya korar dubban malaman da ke aji ba, domin babu masu maye gurbinsu. Daga 2008 gwamnati ta mayar da da yawansu malaman kwantiragi, ta ba su horo suna kan aiki domin su zauna jarrabawar takardar CEAP, daga baya kuma ta CAP. Ke nan sun fara koyarwa kafin su sami takarda, saɓanin tsohon tsari. A 2019 gwamnatin Patrice Talon ta sake fito da wani tsari, na "masu neman zama malamai", waɗanda ake tantancewa da jarrabawa kafin a tura su makarantu.

Irin wannan ya faru a tsallaken kogi. Nijar ta fara ɗaukar malaman sa-kai a 1998, sannan a 2017 ta yi wa malaman kwantiragi jarrabawar tantancewa. A Nijeriya ma, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 shi ya sa aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, don horar da malamai daga nesa.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa ƙarfin aljihun gwamnati ne ke buɗe waɗannan hanyoyi ko ya rufe su. Duk lokacin da ta kasa horar da malamai, jama'a kan nemo wanda zai tsaya a aji, daga baya kuma nauyin horar da shi ya dawo kanta. Ɗan manomin shinkafa a Malanville shi ke ɗanɗana sakamakon, domin ingancin karatunsa yana rataye ne da horon da malaminsa ya samu.