Birnin Maƙera da Kiɗan Ƙarfe: Tarihin Ɗakunan Saman Mashayun Birmingham

Maƙalar wannan mako za ta kai mu Birmingham, birni na biyu mafi girma a Ingila, mu bi sawun wani kiɗa da akasarinmu ba ma saurara, wasunmu ma in sun ji shi toshe kunne suke yi. Turawa na kiran sa heavy metal, wato ƙarfe mai nauyi. Wuraren da za mu leƙa mashaya ne, amma abin da ya kai mu tarihi ne: yadda 'ya'yan leburori suka ƙirƙiro sabon salo a ƙananan ɗakunan da babu mai kallon su da daraja, da abin da ya sami waɗannan ɗakuna bayan salon ya cika duniya.

Birmingham gari ne na ƙira. Tun ƙarni na 18 ake ƙera bindigogi da maɓallai da sarƙoƙi a cikinsa da kewayensa, daga baya aka koma babura da motoci. Yankin da ke yamma da shi har laƙabin Black Country aka yi masa, wato baƙar ƙasa, saboda gawayi da hayaƙin masana'antu. A Yaƙin Duniya na Biyu jiragen Jamus sun yi wa birnin ruwan bama-bamai saboda waɗannan masana'antun, yaran da aka haifa bayan yaƙin kuwa a kangwayen da bam ya bari suka yi wasan ƙasa. Huɗu daga cikinsu a unguwar Aston suka tashi: Tony Iommi, Ozzy Osbourne, Geezer Butler da Bill Ward. Ozzy ya yi aiki a mayanka, ya yi a masana'antar da ake gwada ham ɗin mota, ya kuma yi makonni shida a kurkukun Winson Green saboda sata. Wanda ya ga yaron nan a lokacin ba zai ce za a tuna da shi ba.

Labarin Iommi ya fi dacewa mu tsaya a kai. Yana da shekara 17 yana aiki a masana'antar fallen ƙarfe, ya riga ya yanke shawarar barin aikin ya koma kaɗa jita. A ranarsa ta ƙarshe aka sa shi a kan injin da bai saba da shi ba, injin ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Shi bahago ne, saboda haka wannan hannun ne yake danna tsirkiya da shi. Yana zaune a gida ya fid da rai, sai mai kula da su a wurin aiki ya kawo masa faifan Django Reinhardt, makaɗin jita da gobara ta lalata wa yatsu biyu amma ya ci gaba da kiɗa har ya shahara. Iommi ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke, ya yi wa yatsunsa hula da ita, ya lulluɓe da fata. Ya nemo siraran tsirkiyoyi don kada su ji masa ciwo, daga baya ya sassauta ɗaurinsu. Tsirkiya in ta saki, amonta kan yi ƙasa ya yi kauri. Wannan kaurin, wanda ya fito sosai a faifansu na 1971 mai suna Master of Reality, shi dubban makaɗa masu cikakkun yatsu suka shafe shekaru suna kwaikwayo.

To amma gwaninta na buƙatar wurin da za a gwada ta. A titin Station Street, daf da babbar tashar jirgin ƙasa ta New Street, akwai tsohuwar mashaya mai suna The Crown. A 1968 wani makaɗin kakaki mai suna Jim Simpson ya fara shirya kiɗan blues, salon baƙaƙen fatar Amurka, a ɗakin samanta duk daren Talata, ya sa wa zaman suna Henry's Blueshouse. A nan samarin Aston suka fara hawa dandamali da sunan Earth, Simpson kuma ya zama manajansu na farko. Irin wannan ɗaki yana da amfanin da babban zaure ba shi da shi. Mutane kaɗan ne, kuɗin shiga kaɗan ne, in ka yi kuskure ba a yayata ka, in ka kawo sabon abu kana ganin tasirinsa a fuskar wanda ke tsaye taku biyu daga gare ka. Daga nan suka tafi Hamburg ta Jamus, suka riƙa kiɗa a Star-Club sau da dama a dare guda. Waƙoƙinsu ba su isa cika lokacin ba, dole suka riƙa jan kiɗan suna ƙirƙira nan take, da haka hannunsu ya faɗa.

A 1969 suka gano akwai wata ƙungiya mai suna Earth, sai suka ari sunan wani fim ɗin ban tsoro na 1963 wanda Boris Karloff ya fito a ciki: Black Sabbath. Kamar yadda su da kansu suka sha faɗa, sun lura mutane na biyan kuɗi a silima don a tsorata su, sai suka ce me zai hana a yi kiɗa mai ban tsoro. A lokacin waƙoƙin da ke tashe daga Amurka na furanni ne da soyayya da zaman lafiya, abin da bai yi kama da rayuwar Aston ko kaɗan ba. Cikin yini ɗaya suka naɗi faifansu na farko a Landan, ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1970. Masu sharhi a jaridu suka yi masa kaca-kaca, matasan masana'antu kuma suka saye shi har ya shiga sahun goma na farko. A watan Satumban shekarar Paranoid ya fito ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya.

Dole mu taɓo zargin da ya bi su, tunda shi ne abin da mai karatu zai fara tambaya. Suna da zanen faifai sun sa an ɗauke su masu bautar Shaiɗan. Geezer Butler, wanda ya rubuta mafi yawan baitocin, a gidan Katolika ya tashi, kuma ya sha cewa gargaɗi suke yi a kan sharri. Waƙar War Pigs suka ce ga shugabannin da ke tura 'ya'yan talakawa yaƙi, a daidai lokacin yaƙin Biyetnam. Giciyen da suke ratayawa a wuya ma mahaifin Ozzy ne ya ƙera musu na farko. Wannan bai wanke su daga shaye-shayen da ya kusa halaka wasunsu ba, har ya sa aka kori Ozzy daga ƙungiyar a 1979. Marubuci na gari yana riƙe ɓangarorin biyu.

The Crown ba ita kaɗai ba ce. A unguwar Erdington akwai Mothers, a saman wani shagon kayan ɗaki, daga 1968 zuwa farkon 1971, inda Pink Floyd suka naɗi wani sashe na faifansu Ummagumma. Judas Priest ma daga wannan yanki suka fito, su suka yayata shigar baƙar fata da ƙusoshi da aka san masoya kiɗan da ita, suka kuma sa wa faifansu na 1980 suna British Steel.

Bayan 1980 masana'antu suka riƙa rufewa, rashin aiki ya yi katutu, kiɗan ma ya canza. A kan titin Stratford Road akwai wata mashaya da ta ji jiki mai suna The Mermaid, ita ma da ɗakin sama. Matasa marasa aiki suka mai da ita matattara, suna shirya wasa da kansu, suna musayar kaset ta gidan waya da takwarorinsu na wasu ƙasashe. A nan Napalm Death suka goge, suka fito da salo mai tsananin sauri da ake kira grindcore. Faifansu Scum na 1987 yana ɗauke da waƙar You Suffer, wadda da kaɗan ta wuce daƙiƙa ɗaya, har kundin Guinness ya sa ta a matsayin mafi gajartar waƙa. John Peel na gidan rediyon BBC ya riƙa sa su a shirinsa, duniya ta ji. Sau biyu ke nan cikin shekara ashirin ɗakin saman mashaya a gari ɗaya ya haifi sabon salo.

Hukumomin birnin sun daɗe ba su ɗauki abin a bakin komai ba. Sai a 2011 shirin Home of Metal ya baje kolin tarihin a gidan tarihi na birnin. A 2019 aka sa wa wata gada a Broad Street sunan Black Sabbath, aka kafa benci mai hotunan su huɗun. A 2022 Ozzy da Iommi suka fito a bikin rufe wasannin Commonwealth. A 2023 kamfanin rawar bale na birnin ya shirya wasa da kiɗansu. Ranar 5 ga Yulin 2025 su huɗun suka yi wasan bankwana a filin ƙwallo na Villa Park, cikin Aston ɗin da ta raine su, Ozzy yana zaune a kujera saboda rashin lafiya. Ya rasu ranar 22 ga watan, yana da shekara 76, dubban mutane suka cika Broad Street don ganin wucewar gawarsa.

Ɗakunan fa? Mothers ta rufe tun 1971. The Mermaid ta daɗe da zama tarihi. Edwards No. 8, wani sanannen gidan kiɗan ƙarfe a tsakiyar gari, gobara ta cinye shi a 2006. The Crown ta rufe a 2014 bayan wani kamfanin otal na Japan ya saye ta, kuma sai a watan Maris na 2024, bayan masoya sun yi ta fafutuka, gwamnati ta sa ta cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare. Baƙon da ya sauka a birnin yana neman kiɗan zai same shi a 'yan wurare irin su Scruffy Murphy's da ke Dale End da The Asylum, inda sababbin ƙungiyoyi ke kiɗa gaban mutane kaɗan kamar yadda aka yi a 1968. Tsadar haya da masu rushe gini su gina gidajen kwana su ne barazanar irin waɗannan wurare. Benci da gada suna tuna wa mutane waɗanda suka riga suka yi suna, yaron da bai yi ba kuwa ɗaki yake buƙata.

Abin da ya shafe mu a nan biyu ne. Samarin Aston sun fara da kwaikwayon blues na Amurka, amma ba a san su ba sai da suka sa ƙarar gudumar unguwarsu da tsoron da suka tashi da shi a cikin kiɗan. Mu ma muna da sautin unguwanninmu da ba mu rubuta ba tukuna. Na biyu, duk wani ƙaramin zama da ake karanta rubutun sabon marubuci a gyara masa, ko a aji ne ko a zaure ko a wannan dandali, shi ne ɗakin samanmu, kuma ba ya rayuwa sai ana zuwa. Aikin wannan mako: kowa ya zaɓi wuri ɗaya a garinsu inda wata fasaha ta fara, ya nemi dattijon da ya gani da idonsa, ya rubuta shafi biyu tun wurin da mutumin suna nan.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.