Wa Zai Duba Littafin Yara? Marubuci da Matsalar Sharhi a Kudancin Jigawa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi hanyoyin da marubucin littafin yara na Hausa yake bi don a yi wa aikinsa sharhi, ta ɗauki Kangire da ke Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu da maƙwabciyarta Gwaram a matsayin fagen misali. An bi hanyar nazarin tarihin ɗab'i da kwatanci. Maƙalar ta nuna cewa kafofin da ake da su, wato bitar ranar ƙaddamarwa da nazarin jami'a da tantancewar hukuma, babu wadda aka gina domin mai sayen littafi, sannan ta kawo hujjar cewa sharhi mai amfani daga aji zai fito.

1.0 Gabatarwa

Littafin yara ya bambanta da sauran littattafai ta fuska guda: wanda aka rubuta dominsa ba shi ke saye ba. Uba ne ko malami ko hukuma ke fitar da kuɗi, kuma da wuya su karanta kafin su saya. Saboda haka sharhi a nan ba ado ba ne, shi ne idon mai saye. Marubucin da ke zaune a Kangire, ko a wani gari na Gwaram, wanda ya tara kuɗinsa ya kai littafi maɗaba'a a Kano ya dawo da shi cikin kwali, tambayar da ke gabansa ita ce: wa zai karanta wannan aiki ya gaya wa jama'a gaskiyar abin da ke ciki?

2.0 Yadda aka gaji giɓin

Rashin al'adar sharhin littafin yara a Hausa yana da asali. Kamar yadda Ibrahim Yaro Yahaya ya bayyana a Hausa a Rubuce (1988), ɗab'in littattafan makaranta na boko ya kasance ne a hannun hukuma: Hukumar Fassara a 1929, sai Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East, wadda ta shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Magana Jari Ce, da ya fito cikin juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939, domin 'yan makaranta aka nemi Abubakar Imam ya rubuta shi. A wannan tsari hukumar da ta nemi littafi ita ce ta gyara shi, ita ta buga, ita kuma ta raba wa makarantu. Dubawa tana faruwa ne a ofis kafin bugu, don haka ba a ji bukatar wani ya sake dubawa a jarida ba. Haka aka ci gaba a zamanin hukumar talifi ta NORLA cikin shekarun 1950, da kamfanin ɗab'i na NNPC da aka kafa a 1966. Littattafai irin su Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ta hanyar manhaja suka isa hannun yara.

Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, marubuta suka koma buga wa kansu. Editan ofis ya tafi, ba a sami wanda ya gaje shi ba. Gaskiya ne an yi zazzafar muhawara a jaridu cikin shekarun 1990 a kan Adabin Kasuwar Kano, inda Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu suka fafata, amma littattafan soyayya ne abin jayayyar. Littafin ɗan aji biyu bai samu ko kusurwar shafi ba.

3.0 Kafofin da marubuci ke samu a yau

3.1 Bitar ranar ƙaddamarwa

Wannan ita ce wadda kowa ya sani. Marubuci ya kama ɗakin taro, ya gayyaci uban taro da babban mai ƙaddamarwa, ya roƙi wani malamin jami'a ko kwaleji ya zama mai bitar littafi. Malam zai tashi ya faɗi yawan shafuka da babi-babi, ya yaba bango, ya ce littafin ya zo a kan gaɓa, ya ambaci kurakuran bugu biyu ko uku don kada a ce bai karanta ba, ya roƙi gwamnati ta sa shi a manhaja. Daga nan sai a shiga kiran sunayen masu sayen kwafi. Ba laifin mai bita ba ne. An gayyace shi biki, kuma a al'adarmu ba a kushe amarya a gaban danginta. Illar ita ce takardar da ya karanta a nan take mutuwa, ba a buga ta, kuma babu yaro ko ɗaya a cikin waɗanda aka nemi ra'ayinsu.

3.2 Nazarin jami'a

Mujallu irin su Harsunan Nijeriya da Algaita na Jami'ar Bayero, da Ɗunɗaye ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, suna buga nazarin adabi mai zurfi. Sai dai nazari yakan zo bayan shekaru, yakan karkata ga jigo da salo a sanannun ayyuka, kuma malamar firamare a Kangire ba ta ganin waɗannan mujallu.

3.3 Tantancewar hukuma

Ma'aikatar ilimi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) a Dutse su ne ƙofar shiga makarantun gwamnati. Tantancewa hukunci ne na a karɓa ko a ƙi, ba bayani ne ga jama'a ba. Shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa da ƙungiyoyin waje suka tallafa, kamar Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, sun samar da littattafan da aka tsara daki-daki bisa matakin yaro. Amma su ma tsohon tsarin Zariya suka maimaita: mai nema shi ne mai dubawa, shi ne mai rabawa. Marubuci mai zaman kansa yana waje.

4.0 Abin da kwatanci ya nuna

A Amurka mujallar Horn Book ta fara fita a 1924, Kirkus Reviews kuma a 1933, shekarar gasar Zariya. Mawallafa kan aika musu da littafi watanni kafin ya fita kasuwa, domin ma'aikatan ɗakunan karatu da wannan sharhi suke yanke shawarar abin da za su saya. A Faransa akwai mujallar Takam Tikou, da aka fara a 1989, mai bibiyar littattafan yara na Afirka. Darasin ba na kwaikwayo ba ne. Sharhi yana rayuwa ne inda akwai mai saye da ke jiran sa. A Nijeriya kuwa, babbar gasar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG, wadda aka fara a 2004, takan zagayo kan adabin yara, har a 2015 alƙalanta suka ƙi bai wa kowa kyautar saboda rashin inganci. Wannan hukunci ya tayar da magana mai amfani, amma gasar ta Ingilishi ce. Marubucin Hausa ko shiga ba zai yi ba.

5.0 Sharhi daga aji

A ganin wannan maƙala, mai sayen da ke jira a kudancin Jigawa shi ne hedimasta da malamin aji da mai makarantar Islamiyya da uwa mai son ɗanta ya iya karatu. Wanda ya fi cancanta ya yi musu bayani shi ne malamin da ya karanta littafin a gaban yara. Shi zai ga inda aji ya yi tsit da inda aka fara tsokanar juna. Shi zai lura cewa jimla ta yi wa ɗan aji biyu tsawo, ko cewa maɗaba'a ta zubar da lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ, yaron da ake koya wa bambanta baƙaƙe ya rikice. Zai ga ko hoton da ke shafi ya yi daidai da rubutun da ke ƙarƙashinsa, ko kuwa an ciro shi ne daga intanet da yara masu kayan sanyin Turai. Zai san ko ɗinkin littafin zai jure hannun yara biyar a benci guda. A yanki irin na Birnin Kudu da Gwaram, inda wasu yara Fulatanci suke yi a gida, zai kuma gane kalmomin da marubuci ya ɗauka kowa ya sani alhali ba haka ba ne. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a gano a kan teburin ofis.

Abin da ya rage ga marubuci shi ne ya sauya lokacin neman sharhi da wanda yake nema. Maimakon ya jira sai an buga dubu, ya fitar da kwafi kaɗan na gwaji ya bai wa malamai a makarantu mabambanta, ɗaya a cikin garin Birnin Kudu, ɗaya a ƙauye, kuma ba abokansa ba. Ya nemi su rubuta shafi guda: ajin da littafin ya dace da shi, abin da yara suka kama, abin da ya gagare su, da ko farashin ya yi daidai. Ya kuma amince tun farko cewa za a fitar da abin da suka rubuta ko da bai yi masa daɗi ba, kuma ba zai biya kuɗin yabo ba, domin sharhin da aka saya talla ne.

Wurin fitarwa ma akwai shi. Rediyo ya fi jarida isa ƙauye, kuma Rediyon Jigawa da tashar Freedom ta Dutse suna watsa shirye-shirye da Hausa. Minti biyar da malama za ta karanta shafi ɗaya ta faɗi yadda ajinta ya karɓe shi zai kai ga iyaye fiye da taron ƙaddamarwa. Malaman Hausa a Kwalejin Ilimi ta Gumel da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa za su iya ɗora wa ɗalibai masu zuwa koyarwar gwaji aikin rubuta irin wannan sharhi, a tara shi duk zango, a tura wa sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi kafin lokacin sayen littattafai.