Wanda, Yarinyar da Ta Ƙi Rage Murya

'Yan'uwana mata, yau zan ɗan kai ku nesa, can ƙasar Amurka, in ba ku labarin wata mawaƙiya mai suna Wanda Jackson. An haife ta a 1937 a wani ɗan gari da ake kira Maud, cikin jihar Okalahoma. Ita kaɗai iyayenta suka haifa. Mahaifinta ne ya saya mata jita tun tana 'yar mitsitsiya, kuma kafin ta gama sakandare har ta sami fili nata na kanta a gidan rediyo.

A 1954 ta nemi shiga kamfanin faifai na Capitol, aka ce mata wai faifan mata ba ya kasuwa. Ku ji fa! Sai ta nufi kamfanin Decca. Bayan shekara biyu, Capitol ɗin nan dai su ne suka ɗauke ta.

Da ta gama makaranta a 1955 ta fara yawon waƙa gari-gari, a nan ta haɗu da wani saurayi, Elvis Presley, lokacin sunansa bai gama duniya ba. Soyayya ta shiga tsakaninsu har ya ba ta zobensa, ta rataya a wuya. Shi ne ya matsa mata ta gwada rokabili, wato sabon kiɗan nan mai zafi da aka haɗa daga waƙar ƙauyawan Turawa da kiɗan baƙaƙen fata. A lokacin kusan duk maza ke yinsa. Wanda ta shiga da wata irin murya mai kaushi, kamar mai faɗa da kishiya.

Abin da ya fi burge ni a labarinta shi ne gidansu. Uban ya ajiye aikinsa ya riƙa tuƙa ta duk inda za ta, yana sa ido a kan kuɗinta da mutuncinta. Ko Elvis ɗin ma, a gaban idon baba ya yi zancensa. Uwar kuwa tana gida bisa keken ɗinki, ita ke ɗinka mata rigunan nan masu geza da ta yi suna da su. Rigunan sun taɓa jawo mata magana: a babban dandalin Grand Ole Opry an hana ta hawa sai da ta rufe kafaɗunta.

Gidajen rediyon ƙasarta sun yi ta ja da baya da ita. Sai ga waƙarta "Fujiyama Mama" ta zama ta ɗaya a Japan, alhali har sunan Hiroshima da Nagasaki akwai a ciki. Ta je can a 1959. A gida sai 1960 rokabilinta ya karɓu, da "Let's Have a Party". Ita da kanta ta rubuta "Right or Wrong" ta 1961.

Ba Elvis ta aura ba. A 1961 ta auri Wendell Goodman, ma'aikacin kamfanin IBM, wanda ya bar aikinsa ya karɓi ragamar harkokinta daga hannun surukinsa. Sun haifi 'ya'ya biyu. Yawan tafiya da shaye-shaye sun so su girgiza auren, sai a 1971 su biyun suka rungumi addininsu na Kirista sosai, ta koma waƙoƙin coci na tsawon shekaru.

A 2009 aka sa sunanta cikin zauren karrama manyan mawaƙan rok. Wendell ya rasu a 2017, bayan shekara fiye da 55 suna tare. A 2019 ta sanar cewa ta daina hawa dandali.