Joji Mula Da Marayun Biristol

A cikin littattafan da Kirista ke riƙe da su, watau Attaura da Zabura da Linjila da wasiƙun manzanni, waɗanda aka buga a haɗe da Hausa cikin 1932, ba maganar da ta ke yawan komowa kamar ta ciyarwar Ubangiji. Akwai labarin Bani Isra'ila cikin jeji, sa'ad da a ke saukar musu da manna kowace safiya, aka umurce su kowa ya ɗebi na yini guda, wanda ya yi zari ya ɓoye na gobe sai ya iske shi ya yi tsutsa. Akwai na gwauruwar Zarefat da ta ciyad da Annabi Iliya zamanin fari, ɗan garinta da ɗan manta ba su ƙare ba har ruwa ya sauko. A Linjilar Matiyu kuwa Annabi Isa ya nuna wa almajiransa tsuntsaye, ba gona ba rumbu, ya hana su zullumin gobe. Masu karanta waɗannan surori ba su ƙidayuwa, amma da wuya a sami wanda ya aza musu nauyin cikin yara 2,000, safe da rana da dare. Labarin wanda ya yi haka za mu ba masu karatu yau.

Sunansa George Muller, a bakinmu sai mu ce Joji Mula. An haife shi cikin 1805 a ƙasar Furushiya, a wani gari da ke cikin Jamus yanzu. Ubansa ma'aikacin haraji ne, yaron kuwa tun bai kai shekara 10 ba ya ke sa hannu cikin kuɗin gwamnati da ke wurin uban. Yana da shekara 16 aka ɗaure shi 'yan makonni, don ya sauka masauki ya ci ya sha ya nemi sulalewa bai biya ba. Duk da haka uban ya aika da shi jami'ar Halle ya koyi aikin limancin Kirista, don aiki ne mai albashi da gida. A can cikin Nuwamba 1825 wani abokinsa ya kai shi wani gida inda 'yan mutane kaɗan ke taruwa suna karatu da addu'a, ya ga mutum ya durƙusa yana roƙon Allah, abin da bai taɓa gani ba. Daga wannan dare halinsa ya juya. A garin nan kuma akwai manyan gidajen marayu da wani malami, Francke, ya kafa fiye da shekara 100 kafin nan da abin da jama'a ke kawowa. Mula ya zauna cikinsu wata biyu, abin ya kwanta masa a rai.

Ya ƙetare zuwa Ingila cikin 1829. Shekara ta kewayo yana wa'azi a wata ƙaramar majami'a a Teignmouth, ya auri Mary Groves, ya kuma ce ya bar karɓar albashinsa na fam 55 a shekara. Dalili, daga kuɗin hayar kujeru a ke biyansa, mawadaci ya zauna gaba, matalauci baya, shi kuwa ya ga wannan bai dace da Linjila ba. Aka ajiye akwati, wanda ya ga dama ya jefa abin da ya samu. Cikin 1832 shi da abokinsa Henry Craik suka koma birnin Biristol, suka tarad da annobar amai da gudawa tana cin mutane. Marayu suka yi yawa, mafi yawansu kuwa ba su da makoma sai gidan aikin matsiyata, wanda talakan Ingila ke tsoro kamar kurkuku.

To, a nan ya kamata mu lura da abu guda. Mula da kansa ya rubuta cewa tausayin marayu ba shi ne dalilinsa na fari ba. Ya ga Kirista 'yan kasuwa suna ha'inci don tsoron asara, ya ga tsofaffi suna ramewa da tunanin ranar da ƙarfinsu zai ƙare, ya ga ma'aikata suna aiki sa'a 14 ko 16 a yini, ba su da sukunin ibada. Duka suna karanta alkawaran nan, ba wanda ya amince ya jingina da su. Sai ya yi nufin ya kafa abin da ido zai gani, don gani ya kori ji. Ya ɗaura wa kansa sharuɗɗa: ba zai roƙi kowane mahaluki ko kwabo ba, ba zai gaya wa na waje halin da asusu ke ciki ba, ba zai ci bashi ba ko na burodi ne, gama wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ta hana. Kuɗin da aka bayar don gini kuwa ba za a taɓa shi don abinci ba, ko da tukunya na wofi.

Ran 7 ga Disamba 1835 kyauta ta fari ta shigo, sule guda. Ba da daɗewa ba wata matalauciya mai ɗinki, wadda abin da ta ke samu a mako bai wuce sule 3 da sisi ba, ta kawo fam 100 daga gādon da ta ci. Mula ya yi ta jan ta da magana ko za ta sāke shawara, ta ƙi. Ranar da aka sa don karɓar marayu, aka zauna har lokaci ya wuce ba wanda ya zo. Ya ce ya roƙi gida, da kaya, da ma'aikata, ya manta bai roƙi yara ba! Cikin Afrilu 1836 aka buɗe gida na fari a titin Wilson, mai ɗaukar 'yan mata 30.

Shekara biyu abin na tafiya sumul, daga 1838 wuya ta fara. Sau da yawa a kan ci na safe ba a san inda na rana zai fito ba. Ran 18 ga Satumba na shekaran nan asusu ya ƙare ƙaf, har an fara shawarar sayad da kayan da za a iya yi ba su. Da la'asar sai ga wata mace daga wajen Landan da fam 3 da sule 2 da sisi, saƙon 'yarta. Ashe kwana huɗu ko biyar ke nan tana sauke a gidan da ke maƙwabtaka da na marayu, kuɗin na hannunta. Wani da sai ya ji haushin jinkirin. Mula kuwa murna ya yi, ya ce wannan ya nuna tun farko an tanadi taimakon, an dai bar su su yi ta roƙo ne. Irin godiyarsa ke nan. Kome aka kawo, ko tsohuwar riga, ko zobe, ko kwandon dankali, sai ya shiga littafi da ranarsa, a yi masa godiya daidai da fam 1,000. Wanda ya rena kaɗan, in ji Hausawa, ɓarawo ne.

Amma kada mu ba da labarin kamar tatsuniya. Masu suka sun ce ai kowace shekara yana buga rahoto, ana karanta shi ko'ina cikin Ingila, to, wannan ba roƙo ba ne a sāye? Maganarsu da ƙamshin gaskiya. Mula ya ji ta, har a ƙarshen 1841, sa'ad da hannu ya fi ƙonewa, ya dakatad da rahoton da taron shekara watanni da dama don kada a ce kuka ya ke yi. Yara ba su kwana da yunwa ba. Mu dai a ganinmu rahoton ya yi aikin mai shela, ko an so ko an ƙi, lissafinsa mai tsabta kuma shi ya sa mutane suka saki jiki da shi. Mula bai musa wannan ba, ya ce Allah na aiki ta hannun sababi. Akwai kuma waɗanda masu ba da labarin kan manta, watau malamai da matan da ke kiwon yaran, waɗanda ranar tsanani su kan zazzage aljihunsu, wani ya sayad da littattafansa. Nauyin tawakkalin Mula ya hau kansu su ma.

Da maƙwabta suka kawo ƙarar hayaniyar yara cikin 1845, sai ya nemi fili a bayan gari, a tudun Ashley Down. Bai sa harsashi ba sai da kuɗin ginin suka taru. Gida na fari, mai ɗaukar yara 300, aka buɗe shi cikin 1849, kafin ƙarshen 1870 sun zama 5, masu ɗaukar 2,050. Maza a kan ba da su koyon sana'a suna da shekara 14, mata su kan kai 17, kowa ya fita da akwatin tufafi da Littafi Mai Tsarki. Mu da alli ke hannunmu ba mu iya wuce wannan ba mu faɗa ba: har zarginsa aka yi wai yana ba 'ya'yan talakawa ilmin da ya fi matsayinsu, yana hana masu masaƙu da ramukan kwal 'yan ƙwadago. Zargi ne da kowane malami zai so a yi masa. Sharaɗi guda ne ba mu ga kyaunsa ba, cewa ba a karɓar yaro sai wanda aka haifa da aure, alhali yunwa ba ta tambayar wannan.

Cikin Fabrairu 1870 Mary ta rasu, bayan aure na kusan shekara 40. Shi da kansa ya yi wa'azin jana'izarta, ya ɗauko aya daga Zabura ta 119 mai zancen alherin Ubangiji, ya gode don an ba shi ita, ya gode don an daɗe da bar masa ita, ya ce ɗauke ta ma alheri ne, ko da ya ke bai ɓoye cewa zuciyarsa ta karaya ba.

Hanyarsa ta yi nisa. Hudson Taylor, wanda ya kafa mishan na cikin ƙasar Sin a 1865, a kan wannan ƙa'ida ta rashin albashi tsayayye ya tafi, Mula kuma na aika wa mutanensa gudummawa. Mishan na SIM, wanda mutanensa uku na fari suka sauka Ikko cikin 1893 suna nufin ƙasarmu, daga wannan reshe ya tsiro.

Daga 1875 Mula ya shiga yawon wa'azi, shekara 17, ƙasashe 42. Ya rasu ran 10 ga Maris 1898, yana da shekara 92. Marayu 10,024 suka bi ta hannunsa, kuɗin da suka ratsa littattafansa sun haura fam miliyan guda. Da aka ƙidaya abin da ya bari, littattafai da kayan ɗaki da tsabar kuɗi, duka fam 160 ne. Surukinsa James Wright ya ci gaba da riƙon gidajen a kan sharuɗɗan nan. Yara na ƙarshe sun bar Ashley Down cikin 1958, gine-ginen kuwa suna nan tsaye, waɗansu sun zama kwaleji, waɗansu gidajen zama.